A Ina Ya Dace a Ba Mamban Aji Ƙimarsa ta Farko?

Kamar yadda masu nazarin harshe ke muhawara a kan ƙa'idojin rubutu, haka su ma masu rubuta manhajar kwamfuta suke da tasu. Ɗaya daga ciki ita ce: a ina za a ba mambobin aji ƙimarsu ta farko?

Aji a nan ba ɗakin karatu ba ne. Tamkar fom ne da ake buga kwafinsa da yawa, mambobinsa kuwa su ne guraben da ake cikewa, kamar suna da maki. Akwai kuma wani sashe da ake kira magini, wanda ke aiki duk lokacin da aka fitar da sabon kwafi.

A harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya ƙirƙiro, idan aka bar gurbin lamba haka nan, ba lallai ne ya zama sifili ba. Yana iya ɗaukar duk tarkacen da ya tarar a ƙwaƙwalwar na'ura. Ka ga ke nan ɗalibin da bai ko zauna jarrabawa ba sai a gan shi da maki. Kafin 2011, a cikin magini ake cike guraben. In aji yana da magina uku, sai a maimaita aikin sau uku, mantuwa ɗaya kuwa ta isa ta ɓata komai. Tsarin C++11 ne ya ba da damar rubuta ƙimar a daidai wurin da aka ambaci mamban.

A nawa ra'ayin, nan ne muhallinta. Ƙimar da ba ta sauyawa, kamar sifilin maki, a rubuta ta gefen sunan mamba. Wadda ke zuwa daga waje, kamar sunan ɗalibi, a bar wa magini.

Wasu na cewa gara a tara komai a cikin magini, don mai karatu ya duba wuri guda. Suna da hujja. Sai dai shi kansa harshen, jerin da aka bi wajen ambaton mambobi yake bi in zai cike su, ba jerin da aka rubuta a magini ba. Ashe tun asali wurin ambaton ne ke da iko. Jagorar da Stroustrup da Herb Sutter suka gabatar a 2015 ma wannan hanya ta zaɓa.

Duk wadda masu aiki tare suka ɗauka dai, su tsaya a kanta, domin wanda zai gyara manhajar gobe ba lallai ne ya san wanda ya rubuta ta ba. Rigakafi ya fi magani.