Wutar da Ba ta Wadaci Doya ba, Ita za a Kunna wa Wiwi?

Akwai wata magana da ke yawo a bakin wasu 'yan boko da 'yan siyasarmu, wadda ta cancanci a tare ta tun ba ta yi saiwa ba. Wai a halatta noman tabar wiwi a Nijeriya, a gina mata ɗakuna na musamman waɗanda iska ba ta shiga, ba ta fita, a riƙa nomanta da hasken lantarki da na'urar sanyaya ɗaki, a fitar da ita ƙasashen waje a kwaso dala. Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Jihar Ondo, shi ya ɗaga murya a kan wannan batu a 2019 bayan ziyarar da ya kai ƙasar Tailan. Daga baya wasu 'yan Majalisar Wakilai suka yi yunƙurin kawo ƙudurin doka a kai. Tun da Allah ya hore wa Jihar Nasarawa ƙasar noma, ba abin mamaki ba ne wata rana a kawo wa Lafiya wannan talla. Ra'ayina shi ne a mayar da mai tallan da kayansa, kuma ga dalilaina.

Da farko, bari mu san abin da ake nufi da rufaffen ɗakin nan. Gona ce da aka kori rana daga cikinta aka maye gurbinta da fitilu masu tsananin haske, suna ci sa'o'i 12 zuwa 18 a kullum. Fitilun na haifar da zafi, sai a kunna na'urar sanyi ta kashe shi. Ganyen na fitar da gumi, sai a kunna wata na'urar ta tsotse raɓar. Iskar da shuka ke shaƙa ma a tukunyar gas ake sayo ta. Ashe ke nan duk abin da Allah ya ba manomin Doma da Obi da Awe kyauta, wato rana da iska da ruwan sama, a ɗakin nan da kuɗi ake sayensa. Wani mai bincike a Amurka, Evan Mills, ya ƙiyasta a 2012 cewa wannan noma na cinye kusan kashi 1 cikin 100 na dukkan lantarkin da Amurka ke sha. Masana a Jami'ar Jihar Kolorado kuwa sun lissafa a 2021 cewa kowane kilo ɗaya na busasshiyar tabar da aka noma a ɗaki yana jawo fitar da tan 2 zuwa 5 na iskar da ke ɗumama duniya.

To, mai karatu, dubi namu halin. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 tana rabon megawat 4,000 zuwa 5,000, babban layin kuma ya sha durƙushewa a 2024. An ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, amma sai a 2022 aka buɗe babbar tashar rarraba wuta ta Akurba, bayan Lafiya ta shafe shekara 25 tana babban birnin jiha da wutar da ba ta fi ta aci-balbal ƙarfi ba. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga masu samunta sa'o'i 20 zuwa naira 225 kowane ma'auni. Ɗakin wiwi kuwa bai san uzuri ba, idan aka ɗauke wuta, amfanin na iya lalacewa. Saboda haka ko dai ya kwana a kan janareta da man dizal, ko kuwa a ware masa layi na musamman. Daga bakin wa za a ƙwace wannan layi? Daga mai walda, da mai injin niƙa, da tela, da ɗalibin da ke karatu da tocilar waya.

Masu wannan ra'ayi za su ce ai tabar tana da magani. Gaskiya ne, ba kuma za mu musa abin da ilimi ya tabbatar ba. A 2018 Amurka ta amince da maganin Epidiolex, wanda aka tace daga wiwi, domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara, kuma a Disambar 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ta daga sahun ƙwayoyi mafiya haɗari. Amma ina alaƙar wannan da buɗe gonaki? Ai ana tace maganin kashe raɗaɗi daga furen da ake yin hodar heroyin da shi, duk da haka ba wanda ya ce a shuka shi a Shabu. Wanda ke buƙatar maganin farfaɗiya, likita da kantin magani yake buƙata.

Za su kuma ce akwai kuɗi da aikin yi. A nan sai mu tuna cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Ƙasar Lesoto ita ta fara ba da lasisin wannan noma a Afirka a 2017. Kuɗin lasisin ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, sai kamfanonin waje suka kwashe. A 2020 kamfanin Canopy Growth na Kanada ya naɗe tabarmarsa ya bar ƙasar, a 2023 kuma ya sallami ma'aikata kimanin 800 a gida, domin kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi. Ita kanta Tailan da aka je koyo wurinta, ta saki tabar a 2022, ta ga abin da ta gani, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Rufaffen ɗaki injiniya yake ɗauka da mai gadi, ba ya ɗaukar mai fartanya. Wane ne a cikin manoman riɗi na Keana zai iya jarin fitila ɗaya daga cikin fitilun nan?

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne irin tabar da ɗakin ke haifarwa. Sinadarin THC shi ke bugarwa. A Amurka an auna tabar da aka kama a 1995, aka samu kusan kashi 4 cikin 100, zuwa 2014 ya kai kusan kashi 12, kuma noman ɗaki da zaɓen iri suna cikin abin da ya kawo haka. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga a 2019 ya nuna cewa mai shan irin wannan ƙaƙƙarfar taba kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau 5 wajen haɗarin taɓin hankali. Tuni dai hukumar NDLEA ke kama irinta da ake shigowa da ita daga Kanada, wadda samari ke kira laud. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 10.6 masu shan wiwi a Nijeriya. Wannan fa a ƙarƙashin haramci ne, domin tun 1966 aka kafa dokar soja a kanta, aka kuma kafa NDLEA a 1989. Za a ce ai na fitarwa waje ne kawai. Shin a ƙasar da takin gwamnati kan ɓace tsakanin rumbu da gona, wane ƙofa ne zai tsare wiwi? Kasuwar miliyan 10 tana bakin katanga tana jira, ga kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya da na sauran makarantu a kusa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba fasahar nake ƙi ba. Lafiya tana matuƙar buƙatar rufaffen ɗaki mai daidaitaccen sanyi, amma domin doya. Nijeriya ta fi kowace ƙasa noman doya a duniya, duk da haka Gana ta sha gabanmu wajen fitar da ita. A 2017 gwamnati ta yi bikin tura doya zuwa Ingila da Amurka, wani kaso ya isa a ruɓe. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa, kuma rashin ma'ajiya ta gari ke sa ɗan kasuwa zuba shi. Manomin lemo da mangwaro da tumatir yana sayar da guminsa da arha ranar girbi domin ba shi da inda zai ajiye. Allurar rigakafi tana son sanyi, jinin da ake ƙara wa mai haihuwa yana son sanyi, bakwainin jariri yana son kwalabar ɗumi wadda wutarta ba ta yankewa. Duk waɗannan ɗakuna ne da ake sarrafa yanayinsu, kuma duk sun riga wiwi a layi.

Saboda haka ina kira ga 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, da sarakunanmu, da malaman masallaci da na coci, da su tambayi duk mai kawo wannan talla abu uku: daga ina wutar za ta fito, manomi nawa zai ci, kuma wa zai ɗauki nauyin yaron da ya zauce? Idan ya kasa amsawa, a nuna masa hanyar tasha. Idan kuwa da gaske yana da jarin gina ɗakin sanyi, to ga doya nan jibge a kasuwar Agyaragu tana jiransa. Allah ya sa mu gane, ya kuma shirya mana zuriya.