Marubuta, Wa Ya Hana Gizo Shiga Ajin Lissafi?

Ya kai mai karatu, akwai wata yarinya a layinmu mai tallar gyaɗa, shekarunta ba su wuce tara ba. Ka miƙa mata naira dubu ka ce ta ba ka ƙulli uku na ɗari da hamsin-hamsin, kafin ka mayar da hannu aljihu ta ƙirgo maka canjinka, ɗari biyar da hamsin, babu kuskuren ko kwabo. Amma ranar da uwarta ta nuna mani sakamakon jarrabawarta na aji uku, sai na ga lissafi ne darasin da ta fi faɗuwa. Malaminsu har ya rubuta cewa ta ƙara ƙoƙari. Wai ta ƙara ƙoƙari! Yarinyar da ke yin ninkawa da ɗebewa a ka, a tsakiyar rana, da faranti a bisa kai.

To ina matsalar take? Ai ka sani, don kai ma ta nan ka biyo. Malami ya ɗaga bulala, aji ya ɗauka da ƙarfi, "tu tayims tu, fo," kamar masu karanta wata addu'ar da ba su san fassararta ba. A bakin titi lambobi suna da fuska: gyaɗa ce, kuɗi ne, faɗan Inna ne idan ciniki bai cika ba. A cikin aji kuwa an tuɓe masu komai, an bar su tsirara a jikin allo, cikin harshen da yaron bai taɓa yin mafarki da shi ba.

Na san abin da za ka ce, laifin gwamnati ne. Ban musa ba. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare, a 2022 aka ce a kai har aji shida, sannan a 2025 Ministan Ilimi ya fito ya ce an soke, a koma Turanci. Yau ga wuri, gobe ga waina. Alhali tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajinsa a Ile-Ife, inda aka koyar da yara har da lissafi da Yarbanci tsawon shekara shida, kuma ba su kasa 'yan'uwansu na ajin Turanci ba. Amma yau ba da gwamnati nake ba. Da mu nake, marubuta da 'yan fim, da kai da kake sayen hajarmu.

Mun shekara fiye da talatin muna zuba littattafai, daga na kasuwar Kano zuwa waɗanda ake turawa a WhatsApp yanzu. Kishiya ta yi wa kishiya asiri, Alhaji ya ga yarinya a bakin titi ya tsayar da mota, littafi na ɗaya har na biyar. Ba na raina wannan, domin shi ya koya wa dubban matan aure karatun boko a cikin ɗakunansu. Amma don Allah ka shiga duk kantin littattafan da ka sani ka ce a ba ka littafin Hausa mai hotuna na ɗan shekara bakwai wanda aka rubuta a bana. Za a miƙo maka Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta tun shekarun 1930, ko Tatsuniyoyi Da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya na farkon shekarun 1970. Allah ya jiƙan mazan jiya. Mu fa?

Ga misalin abin da nake nufi. A ce an ba Gizo ƙosai 12 ya raba tsakaninsa da 'ya'yan Ƙoƙi uku. Sai ya ba na farko ɗaya, ya ce "ni ma ɗaya." Ya ba na biyu ɗaya, ya ce "ni ma ɗaya." Haka ya yi ta yi har kwano ya ƙare. Ka tsaya a nan, ka dubi yaran da ke gabanka, ka ce masu, "Gizo ya yi adalci?" Wallahi sai ajin ya kaure da ihu. Wani zai ɗebo tsakuwa ya gwada, ya gano Gizo ya tashi da 6, kowane yaro 2. Wata za ta ce ai da gaskiya aka bi, kowa 3 zai samu. Ka ga an yi rabawa, an taɓa rabi, an taɓa kashi ɗaya cikin huɗu, babu wanda aka daka. Yaron da ba ya damuwa da 12 ÷ 4 zai damu matuƙa idan aka cuci ɗan Ƙoƙi.

Kuma kayan aikin a zube suke. Carafke ƙirga ne, ɗai-ɗai, bibbiyu, uku-uku. Dara ramuka 30 ce, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12. Ga wasa ƙwaƙwalwar nan na mai kwalekwale da zai haye da kura da akuya da damin harawa. Ga mudu da tiya da buhu. Ga sulusi da rubu'i da tumuni da kakanninmu suke raba gado da su. Kai, a 1732 wani malami Bakatsine, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi su ba da jimla ɗaya ta kowace fuska, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Jikokinsa ne yau ake cewa ba su da kan lissafi.

Wasu sun riga mu gani. Shirin RANA da aka fara a Katsina da Zamfara a 2015, da tallafin Unicef da gwamnatin Ingila, ya haɗa har da gajerun labaran Hausa masu lissafi a ciki, malami ya karanta, yara su warware. A Tanzaniya akwai katun ɗin Ubongo Kids da ke koyar da lissafi da Swahili tun 2014. Abin kunyar shi ne sai baƙo ya zo da kuɗinsa sannan mu tuna muna da yara. Ran da tallafi ya ƙare, littafi ya ƙare.

Marubuci zai ce babu kasuwa, hoto mai kala tsada gare shi, takarda ta yi tashin gwauron zabo. Gaskiya ne. Amma wace kasuwa littafin soyayya ya tarar lokacin da aka fara shi? Marubutan da kansu suka haɗa kuɗi, suka buga, suka bi kasuwa da ƙafa har ta kafu. Makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu sun cika kowace unguwa, kuma kowane zango sai sun tilasta wa iyaye sayen littafi. Littafi mai shafi 16 ko da baƙi da fari ne ai zai shiga. Furodusan da ke iya kwashe sati yana ɗaukar rawa guda a gindin bishiya, minti goma na Gizo da ƙosai a YouTube ba zai karya shi ba.

Sai dai in ja kunne. Kada wani ya ɗauko tambayoyin jarrabawa ya liƙa masu "ga ta nan, ga ta nanku" ya ce ya rubuta tatsuniya. Yaro ba wawa ba ne, yana jin warin aikin gida tun daga nesa. Dole labarin ya tsaya da ƙafarsa, a yi dariya, a ji tsoro, lissafin ya zama shi ne mabuɗin da zai fitar da jarumi daga rami. Kuma labari ba ya ɗauke wa yaro zama ya yi ta gwaji da fensir. Ƙofa kawai yake buɗewa.

Ran Asabar ɗin da ta wuce na ba mai gyaɗar nan labarin Gizo da ƙosai. Ban kai ƙarshe ba ta katse ni, ta ce, "Baba, ai shida ya ci, ɓarawo!" Sannan ta sauke farantinta a kan dakali ta ce in ba ta wani. Na shiga ɗaki na duba kantar littattafaina, Hausa zalla sun fi ɗari biyu, ban samu ko ɗaya da zan miƙa mata ba.