Jami'a Takwas, To Ɗan Ƙauye Fa?

Akwai wata magana da manyan ma'aikata a Yamai suke son maimaitawa duk sa'ad da aka taɓo zancen karatun 'ya'yan talakawa. Sukan ce jami'a a buɗe take ga kowa, jarrabawa ɗaya ce ga ɗan minista da ɗan manomi, wanda bai shiga ba kuwa sai ya tuhumi kansa. Sa'an nan su kawo lissafi: a 1971 aka kafa makarantar da ta zama Jami'ar Yamai a 1973, a 2010 aka buɗe ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa, a 2014 aka ƙara Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Lissafin daidai ne, jami'a takwas. Amma maganar da aka ɗora a kansa ba gaskiya ba ce, masu faɗinta ma sun sani, gama babu ɗayansu da zai yarda ya kai ɗansa lakwal ɗin ƙauye mai rumfar kara, ya ce masa, "Je ka, ai jarrabawa ɗaya ce."

Kafin yaro ya ga ƙofar jami'a sai ya yi shekara 13 yana tafiya: shida a firamare, huɗu a kwaleji, uku a lise. Ran da ɗan ƙauye ya soma, mushe yakan tarbe shi da Faransanci, harshen da bai taɓa ji a bakin uwarsa ko a kasuwa ba. Ɗan ma'aikaci ya zo da shi tun daga gida. Ɗaya yana koyon lissafi, ɗaya yana koyon harshen da za a koya masa lissafin a ciki, a ƙarshen shekara kuma a auna su da mudu guda. Abin takaici shi ne, Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, tun 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara da harshensu. An ɗauki sunan an liƙa a ƙofa, an bar shawarar a cikin littafi. A 2025 doka ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, amma doka ba ta buga littafin aji, ba ta kuwa horar da malami.

Duk da haka ba a firamare ake yin babbar ɓarna ba, a kwaleji ne. Ƙauyuka da yawa ba su da kwaleji, sai yaro ɗan shekara 13 ko 14 ya ɗauki tabarmarsa ya tafi garin da take. Can kuwa babu gidan kwanan 'yan makaranta, sai a nema masa mai masauki. In uban yana da ɗan'uwa a garin, da sauƙi. In ba shi da kowa, sai ya bi gida gida yana roƙo, da tiyar hatsi a hannu. Ba a zargin masu masauki duka. Da yawansu talakawa ne, suna raba tuwon da bai ishi 'ya'yansu ba. Amma kowa ya san yadda zaman yake. Baƙon yaro shi ne mai ɗebo ruwa da asuba, shi ne mai yankan haki, shi ne na ƙarshe ga akushi. Da dare ba fitila. Da rani ya tsananta rumbun uban ya yi ƙasa, hatsin da ake aikowa ya yanke, fuskar mai gida ta sake, yaron ya gane da kansa. Wata ranar kasuwa sai ya hau amalanke ya koma gida, a rubuta a littafin makaranta cewa ya bar karatu, kamar dai shi ya ga dama.

Na 'ya mace ya fi muni. Uban da ya ƙi aika 'yarsa mai shekara 13 gidan wanda bai sani ba, ana kiransa jahili a tarurrukan manyan otal. Ba jahili ba ne, tsoro yake ji, tsoron kuwa yana da dalili. Ƙididdigar 2012 ta nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an yi musu aure kafin su cika 18. An yi doka a 2017 domin riƙe yarinya a makaranta har shekara 16, amma dokar ba ta faɗa wa uban inda 'yarsa za ta kwana ba. Shugaba Bazum, wanda ya hau a 2021, ya gane wannan, ya yi alkawarin gidajen kwana 100 na 'yan mata, aka soma da na Kelle a jihar Damagaram. Aka kawar da shi a Yulin 2023. Ko mutum yana son Bazum ko ba ya so, buƙatar ɗakin kwanan ba ta tafi tare da shi ba.

Wanda ya tsallake duk wannan sai ya tarar da bak. A 2021 da 2022 da 2023, waɗanda suka ci ba su kai ɗaya cikin uku ba. A cikin masu cin ma ba kowa ke samun burs ba, watau kuɗin tallafin da gwamnati take ba ɗalibi, domin ana duban maki, ana duban shekarun haihuwa. To, wa ya fi tsufa a aji? Wanda aka sa lakwal a makare, ya maimaita aji saboda Faransanci, ya rasa shekara saboda masauki. Watau wahalar da ya sha ita ce take zama hujjar hana shi.

Mai burs ɗin kuma sai ya yi ta jira. In kuɗin ya yi wata uku bai fito ba, ɗan Yamai yakan koma gida ya ci tuwo. Ɗan Difa, wanda gidansu ya fi kilomita 1,300 nisa, ina zai koma? Jinkirin ɗaya ne a takarda, amma ciki ɗaya yake ƙonawa. Kada a ce sabon abu ne. Ran 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Shaibu, ɗalibai suka fito suna ƙin tsuke bakin aljihun da ake shirin yi wa ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, hukuma ta ce uku suka mutu. A watan Afrilu 2017 wani ɗalibi ya sake rasa ransa a Yamai, cikin zanga-zangar da bashin burs yake cikin dalilanta. Shekara 27 tsakani, kukan bai sake ba.

Za a ce ƙasa ba ta da kuɗi. Lalle Nijar matalauciya ce, ba mai musu. Amma rashin kuɗi ba ya hana a zaɓi abin da za a fara biya. Ɗakin kwana da tukunyar abinci a kwalejin karkara ba su kai tsadar ginin bene a jami'a ba, sai dai ba a yanka musu kintinkiri a gaban talabijin. Kuma akwai abin da ba ya cin ko dala: kowace jami'a cikin takwas ɗin ta tambayi sabon ɗalibi inda ya yi firamare da sana'ar ubansa, ta buga adadin kowace shekara, maza daban, mata daban. Takardar rajista tana nan, layi biyu kawai za a ƙara mata.