"Ai a cikin ofis sabar take" ba tsaro ba ne

1/ Duk sanda na ji mai kula da kwamfutocin ofis ya ce "sabarmu ba ta kan intanet, a cikin gida take, ba matsala," sai gabana ya faɗi.

2/ Kwanaki na je wani ofis duba musu na'ura. Kalmar sirrin wifi na manne a bango inda baƙi ke zama. Na haɗa wayata, ko minti biyar ba a yi ba na hango sabar da ke ɗauke da bayanan albashi. Ƙofar SSH, wato ta 22, a buɗe take ga kowa, kuma root na shiga da kalmar sirri kawai. Ni, da mai kawo abinci, da sabar, duk netwok ɗaya muke. Haba jama'a.

3/ Ku tuna kamfanin Target na Amurka a 2013. Ɓarayin sun shiga ne da bayanan wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya ɗaki, daga ciki suka lallaɓa har suka kwashe bayanan katunan kuɗi kusan miliyan 40.

4/ Ra'ayina: in mutum biyu ne ke kula da sabar, kwamfutocinsu biyun nan kaɗai ya kamata su iya ƙwanƙwasa ƙofar. A Ubuntu, ufw allow from 192.168.1.10 to any port 22, sauran a toshe. Amma fa ka kafa wa kwamfutar lambar IP ɗinta a rauta, in ba haka ba gobe ta canza, ka tsaya a waje.

5/ A cikin sshd_config: PermitRootLogin no, AllowUsers da sunayen mutum biyun, sai PasswordAuthentication no bayan kowa ya saka makullinsa. Wifi ɗin baƙi kuma a raba shi da na aiki.

6/ Masu mayar da 22 zuwa 2222 su ce sun gama, malam, nmap zai gano ta.

7/ Kar ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata ka ga ka shiga. Na taɓa kulle kaina ranar Juma'a da yamma, makullin ɗakin sabar kuma yana aljihun wanda ya tafi ƙauye biki. Sai Litinin.