FANSHO HAKKI NE, BA SADAKA BA

'Yan'uwa na rassanmu na Tanut, Belbeji, Gangara da Bakin Birji,

Ku tuna abin da Faransa ta yi wa mazan jiya. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroye kusa da Dakar, sojojin Afirka suka nemi kuɗinsu, aka amsa musu da harsashi. A Disamba 1959 kuma ta yi dokar da ta ɗaure fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka: na Bature yana hawa, na baƙar fata yana tsaye. Amadu Diop na Sanagal ya kai ƙara, ya ci shari'a a 2001 bayan ya rasu. Ba a daidaita fanshon duka ba sai 2011.

Dabarar ke nan: a ja lokaci har mai hakki ya kwanta dama. Kada mu gaji wannan hali.

Nijar ta kafa asusunta na ma'aikata, CNSS, a 1965. Daga albashin ma'aikaci ake yankar kuɗi ana tarawa, saboda ranar tsufa ko naƙasa. Ashe guminsa ne yake nema, ba bara ya zo ba.

To ku duba tsohon Damargu. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne. Sai ya sayar da gero ko akuya ya biya mota. In aka ce masa "je ka dawo" don hatimi ɗaya, an ci fanshon tun bai karɓa ba. Gurgu fa? Makaho fa? Matar mamaci mai marayu fa?

Ga abin da muke nema:

1. Ma'aikatan fansho su riƙa zuwa garuruwanmu ranar kasuwa. Belbeji ta samu perfe, hidima ta biyo shi.
2. Duk wanda ya miƙa takarda a ba shi rasit mai kwanan wata.
3. A lissafa masa dukan takardun da ake bukata tun zuwan farko, da harshen da yake ji.
4. Naƙasasshe a iske shi gida.

Ga aikinku: kowane reshe ya rubuta sunayen masu jiran hakkinsu da ranar da suka miƙa takarda, ya sa saurayi mai karatu ya raka su. Kada kowa ya ba da goro a kan hakkinsa.

Ƙasar da ta bar tsohonta a rana bakin ofis, da sauranta ga 'yanci.

Wanda ya karanta, ya karanta wa na kusa da shi.