ZAUREN SANA'A: Wace kamara ta dace da mai hoton unguwarmu?

A wannan wata filin namu zai leƙa wajen 'yan'uwanmu masu ɗaukar hoto, saboda wata gardama da ke yawo a tsakaninsu, tun daga nan Nyékonakpoè har Agoè-Zongo. Gardamar kuwa ita ce, wanda ya riƙi hoto sana'a, in Allah ya hore masa kuɗin canja kamara, wacce ya kamata ya saya: mai babban allo ko mai cikakken allo? Maganar ba ta wasa ba ce, domin akwai samarin da ke shirin kwasar adashi ko cin bashi a kanta.

Bari mu fara da bayani. A cikin kowace kamara ta zamani akwai wani ɗan allo da haske ke sauka a kansa, shi ne ya maye gurbin fim. Mai cikakken allo, wadda 'yan kasuwa ke kira plein format, allonta milimita 36 ne a tsawo, 24 a faɗi, wato daidai da fim ɗin nan mai hoto 36 da muka saba kaiwa wanki a da. Mai babban allo kuma, wato moyen format, yawanci milimita 44 ne da 33. In aka lissafa, filinsa ya kusa ninka na farkon sau biyu, amma bai kai ba. Irinta su ne Fujifilm GFX da Hasselblad X2D, kuma akwai masu ɗaukar ɗigo miliyan 100 a hoto guda. Su kuwa Canon da Nikon da Sony masu cikakken allo, yawancinsu suna tsakanin miliyan 24 da 61.

Abin da wasu samari ba su sani ba shi ne, babban allo ba baƙo ba ne a wannan yanki namu. Tun 1901 kamfanin Kodak ya fito da fim mai lamba 120, kuma da shi ake aiki a Rolleiflex, kamarar nan mai ido biyu da ake ratayawa a wuya ana leƙawa ta sama. Dodon hotonta santimita 6 ne ta kowane gefe, ya ninka allon GFX na yau fiye da sau biyu. Da ita Philippe Koudjina ya ɗauki samari da 'yan matan Yamai bayan samun mulkin kai. Da ita Cornélius Azaglo, haifaffen ƙasar nan Togo, ya yi aiki a Korhogo ta ƙasar Kwaddibuwa. Haka kuma Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba babbar lambar girma a Venice ta Italiya a 2007. Kafin su duka, a nan Lome, Alex Acolatse, wanda ya rasu a 1975, a kan farantan gilashi ya ɗauki garin, su kuwa sun fi fim ɗin ma girma. Ashe ke nan hoton kakanninmu da ke rataye a zaure, da babbar riga da rawani, mai yiwuwa da babbar kamara aka ɗauke shi.

To me babban allo ke ƙara wa hoto? Yana fito da ƙananan abubuwa, kamar zaren aikin aska takwas a wuyan riga, ko zanen lalle a hannun amarya. Yana kuma bi da launi a hankali daga haske zuwa inuwa, yadda farar shadda da baƙar fuska za su fito tare ba tare da ɗaya ta cinye ɗaya ba. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai ana ganin bambancin ne in an wanke hoton da girma. Hoto mai ɗigo miliyan 24 yana fita tas a takarda mai tsawon santimita 50. Mai miliyan 100 yana kaiwa kusan mita guda. Mu tambayi kanmu, a shekarar nan mutum nawa suka zo shagonmu neman hoto mai tsawon mita? Mafi yawan aikinmu yana ƙarewa ne a albam ko a WhatsApp, shi kuwa yakan matse hoto ya zubar da galibin ɗigon da aka sayi kamarar dominsu.

Sannan mu dubi irin aikin da ke ciyar da mu: ɗaurin aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani, tarbar alhazai, idi, da hoton fasfo. A gidan biki babu wanda zai tsaya ya jira ka. Ana cunkoso, ɗaki ba haske, makaɗa na kiɗa, ana liƙi, kuma uwar amarya ba za ta sake yin kukan da ta yi ba don kamararka ta makara. A irin wannan wuri mai cikakken allo ta fi sauri wajen kama fuska, ta fi sauƙin ɗauka a hannu yini guda, gilasanta sun fi yawa kuma sun fi araha. Tun da Canon ta fito da 5D Mark II a 2008 irin waɗannan kamarori suke ɗaukar bidiyo mai kyau, ga shi yau da wuya a yi biki ba a nemi bidiyo ba.

Sai batun kuɗi. Lokacin da GFX 100S ta fito a 2021, kusan dala 6,000 aka sa mata, wato fiye da sefa miliyan 3, kuma gangar jikin ce kawai, ba gilashi, ba kuɗin kwastan. Hoto guda nata, in ba a matse shi ba, yakan kai megabait 200, don haka sai an ƙara sayen kwamfuta mai ƙarfi da ma'aji. Ga iskar teku mai gishiri da laima da ke sa gilashi ya yi fumfuna, ga ƙurar hunturu. In Canon ko Nikon ta lalace, ana iya dacewa da mai gyara ko kayan gwanjo a nan, ko a tsallaka Aflao zuwa Ankara, ko a aika Ikko. In babbar ta tsaya ana gobe biki fa? Wanda ba shi da ta biyu ya yi asarar aiki, ya kuma yi asarar suna.

Ba mu ce babu mai bukatarta ba. Wanda ke ɗaukar atamfa da leshi domin manyan 'yan kasuwar Asigame, ko hoton talla na kamfanoni, ko kwafar tsofaffin littattafan malamanmu na ajami don kada su salwanta, shi kam babban allo zai biya shi, in dai aikin ya riga ya zo hannu. Amma sayen ta da fatan aikin zai zo daga baya, wannan shi ne ɗinka riga kafin a haifi yaro. Hausawa suka ce daidai ruwa daidai tsaki.

Shawararmu ga mai hoton unguwa ita ce ya sayi mai cikakken allo, ko da ta hannu ce mai lafiya, ya sa ragowar kuɗin a gilashi mai kyau, da fitilu, da kamara ta biyu, da ma'aji guda biyu da ba a ajiye su ɗaki ɗaya ba. Wannan na ƙarshe ya fi komai. An san Malick Sidibé a duniya ne saboda ya adana dodannin hotunansa a akwatuna shekara da shekaru. Mu kuma da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome a 1977, abin da ya rage wa jikoki su gani na waɗancan gidaje da mutanensu shi ne 'yan hotunan da aka wanke aka ɓoye. Yau kuwa waya na faɗawa ruwa, bikin gida guda ya tafi. Saboda haka muna roƙon masu hoto su riƙa adana aikinsu da suna da kwanan wata, mu kuma masu biki mu riƙa biyan kuɗin wanki.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.