Karan Masallaci Ya Cancanci Gurbi a Lambun Makaranta

Duk ɗalibin sakandare da ya zo kan darasin yadda tsirrai ke jure fari ya ga hoton kaktus a littafinsa, wato tsiron nan mai ƙaya na hamadar Amurka da Meziko. Ya haddace siffofinsa, ya zuba su a takardar jarrabawa, ya wuce. Abin takaici shi ne, ɗalibin da ke Gwarzo ko Getso ko Kabo ko Garo ba ya bukatar hoton baƙon tsiro domin ya fahimci wannan darasi, tunda ƙasar Hausa tana da nata gwanin jure ƙishirwa, mai fitowa a kan fako da tsakanin duwatsu, wanda masu maganin gargajiya suka daɗe da saninsa. Shi ne karan masallaci.

Masana suna kiransa Caralluma dalzielii. An raɗa masa wannan suna ne a 1912 domin karrama Dokta J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, wanda kuma ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Tsiron ba dogo ba ne. Yana fitowa cunkus, karansa mai kusurwa huɗu, kore, cike da ruwa, ganyensa kuwa 'yan mitsi-mitsi ne da ba sa daɗewa sai su kakkaɓe. Wanda ya gan shi zai ɗauka ɗan'uwan kaktus ne, alhali kuwa danginsa na kusa ita ce tumfafiya. Shaidar tana ga 'ya'yansa: kwanso biyu ne kamar ƙahoni, idan suka bushe suka tsage sai iri ya fito da farin gashi, iska ta kwashe shi, daidai yadda na tumfafiya ke yi. To, me ya sa ya yi kama da kaktus? Matsala iri ɗaya ce ta same su a nahiyoyi biyu, sai siffarsu ta zo ɗaya. Wannan kaɗai darasi ne guda a ilmin halittu.

Amma babban abin mamakin yana cikin numfashinsa. Kowane koren tsiro yana da ƙananan ƙofofi a fatarsa, ta inda yake shaƙar iskar kabon-dayokzayid da zai haɗa abinci da ita a hasken rana. Ta waɗannan ƙofofi ne kuma ruwan jikinsa ke tsiyayewa ya bi iska. Wake da gyaɗa da shinkafa suna buɗe nasu da rana tsaka, saboda haka sukan yi asarar ruwa kimanin giram 400 zuwa 500 kafin su kama giram ɗaya na wannan iska. Gero da dawa da masara sun fi su tattali, asararsu takan tsaya wajen giram 250 zuwa 300. Tsirrai masu tara ruwa irin dangin karan masallaci kuwa, da abarba da kaktus, sun juya al'amarin. Da rana sai su rufe ƙofofinsu ruf. Idan dare ya yi, gari ya yi sanyi, sai su buɗe, su shaƙi iskar, su adana ta a matsayin wani sinadari mai tsami. Gari na wayewa sai su warware tsamin a cikin jikinsu, su yi aikinsu ƙofa a rufe. Da wannan dabara asararsu ba ta wuce giram 50 zuwa 100. Sai dai babu riba babu hasara: abin da tsiro ke iya adanawa a dare ɗaya kaɗan ne, shi ya sa girmansu ke da nawa ƙwarai, kuma ba za a taɓa samun karan masallaci ya kere dawa a damina ba.

Malami zai iya nuna wannan a aji ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A yanki ɗan guntun kara da asuba, a daka, a gwada ruwansa da takardar auna tsami. A sake yin haka da la'asar, a kwatanta. Kada dai a ce wa yara su ɗanɗana, domin yana da ɗaci, kuma ba a wasa da tsiron magani. Haka nan za a iya dasa shi a tukunya kusa da tukunyar wake, a hana su ruwa mako biyu, a bar ɗalibai su rubuta abin da suka gani da idonsu. Dashensa ba wuya: a yanki reshe, a bar bakin yankan ya bushe na 'yan kwanaki a inuwa, a kafa shi a ƙasa mai yashi. Yawan ban ruwa ne ma ke kashe shi.

Wani zai ce ai yammacin Kano ba hamada ba ce, ga madatsar ruwa ta Guzuguzu, ga noman rani. Gaskiya ne. Amma damina a nan wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara rani ne, kuma dattawan yankin ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Yaron da zai gaji gona a irin wannan ƙasa ya fi kowa bukatar sanin yadda tsiro ke sarrafa ruwa.

Akwai kuma dalili na biyu. Wuraren da karan masallaci ke so, wato fako da gindin duwatsu, su ne ake fasawa domin gini ko a share domin faɗaɗa gona, mai neman magani kuma sau da yawa yakan tumɓuke shi har saiwa. Tsiro mai nawar girma ba ya saurin mayar da abin da aka ɗebe. Labarin ɗan'uwansa Hoodia na hamadar Kalahari ya isa misali. Mutanen San sun daɗe suna tauna shi domin kashe yunwa a wajen farauta; da labarinsa ya kai kasuwannin Turai da Amurka a matsayin maganin rage ƙiba, sai aka yi masa ca, har a 2004 aka sanya shi cikin jerin tsirran da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu. Su kansu mutanen San sai a 2003 aka ƙulla yarjejeniyar ba su wani kaso na ribar iliminsu. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun riga sun soma gwada sinadaran karan masallaci a ɗakunan gwaji, ko da yake gwaji a kan ɓera daban, tabbatar da magani ga ɗan Adam daban.

Saboda haka ya kamata kowace sakandare a Gwarzo da Kabo ta keɓe masa ɗan fili, ko da taku uku ne a bayan ɗakin gwaji, a haɗa shi da ƙerana da tinya, amma a killace waɗannan biyun domin ƙaronsu na ƙona fata da ido. A sa ɗalibai su tambayi iyaye da kakanni inda yake fitowa da abin da ake yi da shi, su rubuta da Hausa, a ajiye a makaranta tare da sunan ƙauyen da aka samo kowane reshe.